Wasiƙar Godiya ga Kamfanin da Ya Wanke Mana Allunan Ofis

Zuwa ga Manaja da ɗaukacin ma'aikatan kamfanin tsabtace ofisoshi da suka yi mana aiki a nan Kano,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin kaina da abokan aikina domin in gode muku a bainar jama'a. Kuɗinku mun biya, rasit kun ba mu, ta fuskar ciniki babu sauran magana a tsakaninmu. Amma Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma abin da kuka yi mana ya wuce abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya. Na zaɓi in yi godiyar a fili ne saboda na san ofisoshi da yawa a garin nan, daga Bompai har titin Zoo, suna da irin allunan da muke da su, suna fama da irin dauɗar da muka yi fama da ita, kuma ba su ma san akwai masu wannan sana'a ba.

Ga wanda bai taɓa shiga irin ofishinmu ba, babban zaure ne guda ɗaya da aka yanyanka da gajerun alluna, kowane ma'aikaci da ɗan lungunsa da teburinsa da kwamfutarsa. Wasu fatishan suke ce musu. Gefunansu ƙarfe ne, cikinsu akwai wani abu mai laushi da ke shanye sauti, sannan aka lulluɓe su da yadi. Yadin nan shi ne amfaninsu, domin shi ke sa mutum ya amsa waya ba tare da ya cika wa maƙwabcinsa kunne ba, kuma a jikinsa ake soka takardu da allura. Wani Ba'amurke mai suna Robert Propst ne ya tsara irin wannan zama, kamfanin Herman Miller na jihar Michigan ya fito da shi kasuwa a 1968, daga nan ya bazu duniya har ya iso mu. Sai dai an tsara allunan ne don ƙasar da ba ta san hazo ba.

Mu kuwa duk shekara, daga wajen Nuwamba har zuwa Maris, iskar hunturu tana kwaso mana ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Wannan ƙura ba ta neman ƙofa. A rufe tagogi, a kunna na'urar sanyaya ɗaki, da safe sai an tarar da ita a kan tebur. Ta kan tebur da sauƙi, tsumma ɗaya ya ishe ta. Ta jikin yadi kuwa shigewa take yi cikin saƙa ta zauna, ta bana ta hau kan ta bara. A haɗa da hayaƙin janareta da ke shigowa ta baya, da maiƙon hannu a gefen da kowa ke dafawa in zai miƙe, da tabon man gashi daidai inda mutum ke jingina kai, da shayin da ya fantsama, da tawadar biro, da jan tabon goro a lungun wani dattijon akawunmu. Allunan da aka kawo masu launin shuɗi mai haske suka koma wani launi da ba shi da suna. Ranar Litinin da safe, bayan ofis ya kwana biyu a rufe, akwai wani wari na tsohuwar ƙura da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa.

Masu sharar ofishinmu, Allah ya saka musu da alheri, sun yi bakin ƙoƙarinsu. Sun sa omo a bokiti sun goga da soso. Inda duk suka goga sai ya bushe ya bar zagayayyen tabo mai baƙin baki, ya fi na farko muni, kuma ba a daɗewa sai wurin ya fi ko'ina kama datti. Ban ga laifinsu ba, ba aikinsu ba ne kuma ba su da kayan yinsa. Wani mai sayar da kayan ofis da muka tuntuɓa ya ce babu magani sai a cire duka a sayi sababbi. Kowa ya san yadda kayan waje suka yi tashin gwauron zabo tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023. Da muka ga kuɗin da ya rubuto, sai kowa ya yi shiru.

A cikin wannan hali ne aka haɗa mu da ku.

Abin da ya fara burge ni shi ne, zuwanku na farko ba da injina kuka zo ba. Shugaban ma'aikatanku ya zo da yaro ɗaya da 'yar jaka, ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi yana neman 'yar takardar da masu ƙera kaya ke maƙalawa, ya nuna mini harafin da ke jiki. Ya ce in an ga W, yadin yana jure ruwa. In S ne, ruwa bai dace da shi ba sai sinadarin wankin bushewa. In WS ne, kowanne ya yi. In kuwa X ne, to iyakarsa a zuƙe ƙura a goge da buroshi mai laushi. Shekara da shekaru ina wucewa ta gefen allunan nan ban taɓa ganin wani ya leƙa wurin ba. Waɗanda takardarsu ta ɓace, sai ya sami wani lungu a bayan kabad da ido ba ya kaiwa, ya ɗiga maganin wanki kaɗan, ya danna farin tsumma a kai, ya jira, ya ɗaga ya duba ko rini ya biyo tsumman. Da na tambaye shi ko duk wannan ya zama dole, sai ya ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, dattin da na bari zan iya dawowa gobe in cire. Yadin da na lalata kuwa ba ni da yadda zan yi in mayar miki da shi." Daga wannan magana hankalina ya kwanta.

Kun zaɓi Asabar da Lahadi don kada ku tsayar mana da aiki. Kafin ku taɓa komai, kun nemi a kashe wutar da ke bi ta ƙasan allunan, domin wayoyin lantarki da na intanet ta nan suke ratsawa. Kun rufe kwamfutoci da na'urorin buga takarda da leda. Sannan ga wani abu da har yau abokan aikina ke maganarsa. Kowane allo akwai abubuwan da mai lungun ya soka a jiki: lambobin waya, jadawalin aiki, katin ɗaurin aure, addu'ar da wani ya rubuta da hannunsa, zanen da 'yar wata ta yi mata a makaranta. Wani yaronku ya bi lungu-lungu yana ɗaukar hoton kowane allo da wayarsa, ya cire takardun ya zuba a ambulan, ya rubuta lambar tebur a bayansa. Da aka gama aiki ya mayar da kowace takarda daidai inda take, yana duba hoton. Babu wanda ya sa shi, kuma babu wanda zai tuhume shi da ya tara su wuri guda ya bar mana.

Ni na ɗauka da ruwa za a fara. Ashe mafi yawan aikin a bushe ake yinsa. Kusan duk safiyar Asabar zuƙe ƙura kuka yi, daga sama zuwa ƙasa, a hankali, layi bayan layi, gaba da baya. Shugaban ma'aikatan ya ce ƙura in ta haɗu da ruwa taɓo take zama, ta ƙara nutsewa cikin yadi, don haka duk wadda za a iya cirewa a bushe sai an cire ta tukuna. Ya kuma nuna mini matatar da ke cikin injin, wadda ake kira HEPA, mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3, irin waɗanda ido ba ya gani. Injin da ba shi da ita, ta gaba zai zuƙa ya fesar ta baya. Na kuwa lura, duk tsawon aikin nan ban ga ƙura ta tashi a zauren ba.

Bayan nan ne aka koma kan tabo, kowanne da maganinsa. Na shayi da na goro daban, na maiƙo daban, na tawada daban. Ban ga an dirje ko ɗaya ba. A ɗiga magani, a danna tsumma daga bakin tabon zuwa tsakiyarsa don kada ya bazu, a canza tsumma, a sake. Wata budurwa daga cikin ma'aikatanku ta daɗe a durƙushe kan tabon tawada guda ɗaya, ba ta gaji ba, ba ta kuma ɗauko bilic don ta huta ba. Sai da aka gama wannan aka kawo injin da ke fesa ruwa kaɗan yana zuƙe shi nan take. Suna fesawa sau ɗaya, su bi da zuƙa sau biyu ko uku. Ruwan da ya taru a tankin injin ya fito kamar na kududdufi a tsakiyar damina. Na kira maigadinmu ya zo ya gani, ya riƙe baki yana salati.

A nan ne na gane inda gwanintarku take, wato sanin iyakar ruwa. Kowa zai iya jiƙa allo. Amma in ruwa ya ratsa yadi ya shiga cikin allon, shi ne yake tasowa da tsohon datti yayin bushewa ya bar wannan zagayayyen tabo, ya sa gam ya saki yadi ya kumbura, ya sa ƙarfe ya yi tsatsa, in kuma ya daɗe da laima ya yi fumfuna. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar duk abin da ya jiƙe a cikin gini a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 don gudun fumfuna. Ku ba ku jira haka ba. Kun jera manyan fankoki a ƙasa suna hura iska a jikin allunan, kuma ba ku tafi ba ranar Lahadi sai da shugabanku ya bi kowane allo da bayan hannunsa ya tabbatar babu sauran sanyi. Ya kuma bayyana mini dalilin da ya sa inda aka goga da omo yake saurin yin baƙi: sabulun da ba a ɗauraye ba yana nan a cikin yadi yana danƙo, duk ƙurar da ta zo wucewa sai ta maƙale.

Akwai kuma gaskiya, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Allunan da ke bakin taga rana ta cinye musu launi, wani kuma ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya daɗe yana ɗiga a kansa har cikinsa ya ruɓe. Tun ranar dubawa kuka ce mana waɗannan wanki ba zai dawo da su ba. Na bakin taga za su yi tsabta amma launinsu ya tafi, shi kuwa ruɓaɓɓen a cire shi shi ne alheri, don kada a ci gaba da shaƙar abin da ke cikinsa. Kuka zare shi daga lissafi. Da kun yi shiru kun karɓi kuɗinsa, da ba mu sani ba sai bayan kun tafi. A wannan zamani da kowa ke kukan matsi, samun mai sana'ar da zai rage wa kansa kuɗi don ya faɗa maka gaskiya ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina so iyalanku da maƙwabtanku su san haka kuke.

Ladabin yaranku ma abin faɗa ne. Sun gaida maigadi kamar yadda suka gaida ni. Lokacin sallah ya yi suka kashe injina suka yi alwala a famfon waje, suka dawo suka ci gaba. Ba su buɗe aljihun teburin kowa ba. Ruwan dattin ma sai da suka tambayi inda ya dace su zubar, ba su kwarara mana shi a bakin ƙofa ba. Masu shararmu da suka zo kallo, shugabanku bai raina su ba, ya zaunar da su ya koya musu abin da za su riƙa yi: a riƙa zuƙe ƙurar allunan a kai a kai musamman da hunturu, in shayi ya zube a danna busasshen farin tsumma nan da nan kada a goga, kuma kada omo ko bilic ya ƙara kusantar yadin.

Ranar Litinin mutane suka shigo suna tsayawa a bakin ƙofa. Shuɗin nan ya dawo, zauren ya ƙara haske, warin ya tafi, kuma ba a rufe shi da turare ba. Dattijon akawunmu ya daɗe yana shafa wurin da tabon goronsa yake a da, yana sa muku albarka. Wata abokiyar aikinmu mai ciwon asma, wadda ƙura ke tayar mata da ciwo, ta ce mini yanzu tana iya wuni a lungunta ba tare da ta fita shan iska ba. Baƙin da suka saba zuwa wurinmu suna tambaya ko sababbin kaya muka saya.

Shawarar da kuka ba mu game da lokaci mun karɓa hannu bibbiyu: a riƙa yin babban wanki a ƙarshen hunturu, bayan hazo ya ɗauke, kafin damina ta sauka, lokacin da iska take a bushe kaya ke saurin shan iska. Mun riga mun sa shi a kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kuma a wannan karon har da kujerun yadi da labulen ɗakin taro.

Roƙona gare ku, ranka ya daɗe Manaja, shi ne ku ƙara ɗaukar matasa maza da mata ku koya musu wannan sana'a yadda kuka koya wa waɗanda kuka turo mana, ku kuma isar da gaisuwata ta musamman ga budurwar nan mai cire tabon tawada da yaron nan mai ɗaukar hoto. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwancinku, ya kare ku da ma'aikatanku daga dukkan sharri. Amin.

Wassalam.

Taku mai godiya,
Jami'ar kula da harkokin ofis,
a madadin dukkan ma'aikata,
Kano.