Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Katsina: a nuna wa ɗalibanmu teku da Hausa

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na san abin da za a fara cewa da zarar an ga kan wannan wasiƙa: ina ruwan Bakatsine da teku? Daga nan zuwa gaɓar Legas ya haura kilomita 1,000, ga azuzuwa na yoyo, ga ƙarancin malamai, ga matsalar tsaro. Duk gaskiya ne. Amma abin da nake roƙo ba ya cin kuɗin ginin makaranta ɗaya, kuma tunda kai ma ka riƙe alli kafin ka riƙe mulki, ina da yaƙinin za ka gane inda na dosa.

Manhajar kimiyya da ta labarin ƙasa ta wajabta mana koyar da teku, halittun cikinsa da yadda ruwa ke zagayawa tsakanin sama da ƙasa. Malami zai rubuta a allo cewa teku ya mamaye kusan kashi 71 cikin ɗari na doron duniya, yara su kwafa, su haddace, su mayar masa ranar jarrabawa. Yaron da mafi girman ruwan da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Sabke ko na Ajiwa, me zai zana a ransa? Sau da yawa malamin ma bai taɓa ganin tekun ba. Bidiyo na minti 5 zai yi aikin da bayanin mako guda ba zai yi ba.

Kuma teku ba baƙonmu ba ne kamar yadda muke zato. Ruwan da manomin Mai'aduwa ke ɗaga kai yana jira a watan Yuni, daga tekun Atlantika yake tasowa. Rana ce ke ɗebo tururi daga mashigin Gini, iskar kudu maso yamma ta kwaso shi ta ratso ƙasar nan har ta iso mana, ta ture busasshiyar iskar Sahara da ke kawo hunturu. Ranar da ta janye, damina ta ƙare. Masana yanayi sun danganta farin da ya addabi yankin Sahel a 1973 da 1984 da sauyin ɗumin ruwan tekuna. Dattawanmu ba su manta da waɗannan shekaru ba, ga shi jikokinsu na zaune a aji ba a taɓa nuna musu daga ina hadari ke fitowa ba. Jihar da cinta da shanta ke rataye a kan watanni huɗu na ruwan sama ba ta da hujjar ɗaukar wannan darasi a matsayin na 'yan kudu.

Ruwan kuma komawa yake yi. Kogin Gada da aka tare a Jibiya yana shiga Jamhuriyar Nijar ta wajen Maraɗi, ya dawo ya haɗu da Rima, daga nan sai kogin Kwara, sai teku. Ledar da muke zubarwa a magudana ita ma hanyar da take kamawa ke nan.

Akwai wani ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa. Yaranmu na karanta lu'ulu'u da murjani a Suratur Rahman tun suna makarantar allo, iyayensu mata sun san murjani a wuyan amare, amma kaɗan ne suka san ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi a ƙarƙashin ruwa. Suna karanta duffan teku mai zurfi a Suratun Nur; bidiyo zai nuna musu yadda hasken rana ke dusashewa daga zurfin mita 200, ya ɓace ɗungurungum a mita 1,000, inda wasu kifaye ke kunna nasu hasken. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Katsina, ɓawon wani dodon-koɗi ne na teku, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka riƙa kawo shi. Kifin ƙanƙarar da ake soyawa a bakin titi da yamma ma a jirgin ruwa ya iso.

Sai maganar aiki. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma a 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku. Akwai makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa a Oron ta jihar Akwa Ibom, akwai cibiyar binciken teku a Legas. Na ƙasa ne baki ɗaya, da kason kowace jiha, amma yaro ba ya neman gurbin karatun da bai san da shi ba.

Roƙona shi ne ma'aikatar ilimi ta shirya gajerun bidiyoyi, kowanne kada ya wuce minti 10, kowanne ɗaure da darasi guda na manhaja. Ba sai an tura kowa nutso da kyamara ba. Hukumar teku da yanayi ta Amurka, NOAA, na sakin ɗimbin hotunanta kyauta. Abin da ya rage mana shi ne muryar da za ta yi bayani da Hausa mai daɗin ji, a riƙa nuna kalmomin Turanci a rubuce saboda jarrabawa. Malaman sashen kiwon kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da masana Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya wannan, gidan talabijin na jiha kuma ya naɗa, ya riƙa haskawa. Ina son a haɗa da namu tekun: tashar jiragen ruwa ta Apapa, masuntan Neja-Delta da dazuzzukan bakin ruwansu, har da ɓarnar da malalar ɗanyen mai ta yi a ƙasar Ogoni.

Tsorona ɗaya, ranka ya daɗe, kada abin ya rikiɗe ya zama kwangilar sayo manyan na'urori da za a kulle a ofishin shugaban makaranta har ƙura ta cinye su. Yawancin makarantunmu na karkara ba wuta, ba intanet. Talabijin guda, ƙaramar sola da katin memori sun wadatar, kuma malami zai iya tura bidiyon a wayoyin iyaye, gida duka a kalla. A ba kowane malami takarda mai tambayoyin da zai yi wa aji kafin kallo da bayansa, don kada ajin ya koma gidan kallo. A gwada a makarantu kaɗan a shiyyoyin Katsina, Daura da Funtuwa na tsawon zango ɗaya, a ji ta bakin malaman, sannan a yanke shawarar faɗaɗawa.

Allah ya taimaki mai girma Gwamna.

Naka,
Wani malamin kimiyya daga Daura