Rahoton Ayyukan Shekara: Tim-tim Mai Taya

Assalamu alaikum iyayenmu dukawa, 'yan uwa kafintoci da teloli, da ƙannenmu masu koyon sana'a.

Babban aikin da ƙungiya ta sa a gaba bana shi ne ɗora tim-tim a kan taya. Mambobinmu masu rumfa a Kasuwar Kurmi ne suka kawo shawarar. Sun ce mai saye yakan yaba ɗinki, ya shafa fata, sannan ya ajiye ya wuce, domin falon yanzu kujeru ne da tayil, kuma dattijo mai ciwon gwiwa in ya zauna ƙasa tashi kan yi masa wuya.

Ga tsarin da muka tsaya a kai. Kafinta zai yanka filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu daidai faɗin tim-tim, ya goge bakinsa sumul don kada ya ci fata. Sai a ɗaura taya huɗu a ƙarƙashi, da noti ba da ƙusa ba, domin ƙusa tana kwancewa in aka yi ta turawa. A ɗora tim-tim biyu, ɗaya kan ɗaya, a ɗaure su da maɗaurin fata da ya zagayo ta ƙarƙashin katakon. Tsayin duka ya kai wajen santimita 45, wato tsayin kujerar zama. Biyu daga cikin tayoyin dole su zama masu birki. A nan kwamiti bai yarda da rangwame ba: tsoho zai dafa ya miƙe, in abin ya zame a kan tayil, mu ne da alhaki.

An fi jan muhawara kan abin cusawa. Audugar rimi tana da laushi da rashin nauyi, amma tana lafewa. Daga ƙarshe aka amince na ƙasa a danƙare shi da ragowar yadin teloli, na sama a sa masa audugar rimi ko soso. Haka ya sa ƙyallayen da a da ake zubarwa a bola suka samu amfani.

Wasu sun nemi a koma fatar roba don a sauƙaƙa farashi. Mun ji uzurinsu, kuɗin fata ya hau. Amma abin da muke tinƙaho da shi fatar jan akuyar Sakkwato ce, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, a rina da karan dafi. Ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka sa mata sunan Maroko. Matsayar taro ita ce wanda ya yi da roba ya gaya wa mai saye gaskiya tun kafin a yi ciniki.

Koyar da matasa ran Asabar ya ci gaba, adashi bai tsaya ba, an kuma je dubiya da ta'aziyya gidajen mambobi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Matsalar da ta rage ita ce taya. Daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala, kuma mai araha robarta kan fashe da wuri. Baɗi muna so mu haɗa kuɗi mu sara da yawa lokaci guda. Masu bashin kuɗin wata su taimaka su ga ma'aji kafin babban taro, a nan za a yanke nawa kowa zai zuba.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.