Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Kano: Kafin A Ja Katanga A Bakin Ruwan Tiga

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Maganar mayar da bakin Dam ɗin Tiga wurin shaƙatawa ba sabuwa ba ce. Tun da aka kammala dam ɗin a 1974, zamanin marigayi Audu Bako, aka yi masa otal ɗin Rock Castle, Bagauda ma aka yi mata nata, wanda yau ya koma Makarantar Horar da Lauyoyi. Duk sa'ad da maganar ta sake tasowa, mu a birni hoton gini muke hange, mutanen Tiga da Rurum kuwa abu ɗaya suke tambaya: ina katangar za ta tsaya? Ba ma adawa da zuba jari. Roƙonmu kada ka sa hannu a kan takardar fili sai an amsa musu wannan tambayar a rubuce.

Mai zuba jari bakin ruwa yake so, domin shi yake sayar wa baƙi. To bakin ruwan nan shi ne mashayar shanu, nan masunta suke ɗaure kwale-kwale su shanya koma, nan mata suke wanki, kuma ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari da rani ita ake wa albasa da tumatir. A taswirar ofis wannan wuri fili ne wanda babu kowa, saboda galibi da an ga hoton sama sai a ja layi. Gyaransa ba wuya. Mai safiyo ya taka da ƙafarsa sau biyu, a Satumba ruwa na cike, da kuma Afrilu ruwa ya ja baya, tare da dagaci, mai unguwa, Sarkin Ruwa da arɗo. A kafa dutse a iyakar da ruwa ke kaiwa idan ya cika, a bar rata daga nan zuwa katanga wadda kowa zai bi, a saka burtali da mashaya cikin taswirar da faɗinsu. Idan aka toshe burtali shanu ba za su fasa shan ruwa ba, ta gonar wani za su ratsa, rigimar da za ta biyo baya kuma ba mai otal za ta ci ba.

Sai diyya, inda aka fi cutar mutane ba tare da an karya doka a fili ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 29, ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta, abin da ke kanta take biya: gini, shuka, rijiya, magudanar ban ruwa. Saboda haka ranar da aka zo ƙidaya ita ce komai. In aka zo a Maris, gonar gero da dawa babu komai sai kara, sai a rubuta wa manomi sifili. A yi ƙidayar da damina, a ƙirga ɗorawa, tsamiya, kuka da mangwaro ɗaya bayan ɗaya, a liƙa jerin sunaye a ƙofar dagaci da masallacin Juma'a har mako biyu ko uku, don wanda aka tsallake ya yi magana. A kuma tambayi wa ke noma gonar, ba wa ke da ita kaɗai ba. Akwai mai aro, akwai mai haya, akwai wanda ya karɓi jingina, ga gonar gado da ba a raba ba wadda mata ke da kaso a ciki, amma babban wa ya karɓe kuɗin shi kaɗai. Kuɗin kowa ya shiga asusunsa na banki, kada a damƙa wa wakili. Wanda ya fi son gona a madadin gona a ba shi, don kuɗin diyya ba ya kai shekara biyu a hannun mai iyali.

Ranka ya daɗe, sashe na 28 ya ba ka ikon soke mallaka ne domin amfanin jama'a, kuma Kotun Ƙoli ta taɓa rushe irin wannan sokewa da aka yi don a miƙa fili ga ɗan kasuwa. Hanyar da ta fi tsira ita ce kamfani ya yi hayar ƙasar daga masu ita na adadin shekaru, da sharaɗin in bai fara gini cikin shekara biyu ba, ko ya watsar da aikin, ƙasa ta koma hannunsu. Mun ga yadda Rock Castle ya daɗe a yashe. Gini yana mutuwa, katanga ta zauna.

Ga lissafin ruwa. A ce ɗaki 100, kowanne lita 300 a rana: lita 30,000 ke nan, jarkar 'yan garuwa 1,200, ban da wurin ninkaya da ban ruwan ciyawa. Kusan kashi 80 cikin 100 zai dawo a matsayin ƙazanta. Ramin masai na siminti irin na gida ba zai ɗauki wannan ba, yana cika sai a buɗe masa hanya da daddare zuwa dam. Ruwan nan shi ke gangarawa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, shi kuma ake tacewa a Tamburawa mu sha a birni. A wajabta injin tace ƙazanta mai wutar sola, domin wanda ya dogara da dizal kashe shi ake yi idan baƙi sun yi ƙaranci. Kada ramin tsotse ruwa ya kusanci rijiya ƙasa da mita 30. A auna zurfin rijiyoyin ƙauye kafin otal ya haƙa burtsatse, in ba haka ba ranar da suka ƙafe babu hujjar da za a kama shi da ita.

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoto jama'a su gani su yi magana. Rahoton Turanci mai kauri a kan teburin sakatariya bai kai ga masunci ba. A taƙaita shi da Hausa, a karanta a rediyo, a yi zama ranar kasuwa.

Yawo a kan ruwa kuwa, ba mu manta da kifewar jirgi a Bagwai ba, a ƙarshen Nuwamba 2021, inda ɗaliban Islamiyya da dama suka rasu. Kowane jirgi a rubuta adadin mutanensa a jiki, rigar ruwa ga kowa, a kuma ware masa hanya nesa da inda masunta ke zuba raga, don injin jirgi yana yanka ta.

Iyaye suna tsoron giya da kwana da 'yan mata, tsoronsu kuma yana kan hanya. A sa haramcin cikin sharuɗɗan takardar fili, yadda saɓa shi zai jawo sokewa. Haka alƙawarin aiki: a rubuta mutum nawa, wane aiki, a fara koya wa matasan yankin girki, gyaran wuta da tuƙin jirgi tun ana aza harsashi, kada a tashi buɗewa a ce ba su iya ba sai gadi da shara.

Muna roƙon ka umarci Ma'aikatar Ƙasa ta buga taswirar da sharuɗɗan nan, a kai kwafi ga hakimai da dagatan yankin, kafin a kafa dutse ko ɗaya.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wasu masu aikin safiyo, tsara gari da injiniyan ruwa,
Birnin Kano.