Likita, in hana yarana kifin tuna ne, ko in rage musu?

Assalamu alaikum Hajiya Likita. Ina gaishe ki da aiki, ke da sauran ma'aikatan wannan shiri. Allah ya saka miki da alheri kan haƙurin da kike yi da tambayoyinmu.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Kumasi ta ƙasar Ghana, muna zaune a zangon Aboabo tare da mahaifiyar maigidana. Yarana biyu: babban shekararsa huɗu, ƙaramar kuma shekara ɗaya da rabi, ban yaye ta ba tukuna. Damuwata a kan kifi ce, musamman tuna, da gubar zaiba, wato makyuri, da aka ce tana taruwa a jikinsa.

A nan ƙasar kifi shi ne naman talaka. Naman sa sai ranar da aka samu, amma kifi kullum yana cikin tukunya. Tuna kuwa ba baƙo ba ne: a Tema jiragen ruwa ke sauke shi, a can ake zuba wani a gwangwani, wani kuma mata su yanka gunduwa-gunduwa su yi banda su kawo kasuwa, shi ne ake kira opoku. Shi Hajiyarmu, wato surukata, ta fi so ga yara, don tsoka ce zalla, ba fargabar ƙaya. Da azahar za ki gan ta a kan tabarma da jikarta a cinya, tana ɓantaro tsokar da farce, ta murje ta cikin tuwo da miyar ayoyo, ta hura, ta sa mata a baki. Yarinyar tana haɗiyewa tana buɗe baki tun kafin a murje na gaba. Babban kuma burodi da tunan gwangwani nake sa masa a kwanon makaranta kusan kullum.

Yayata da ke zaune a New York ce ta ga haka muna waya ta bidiyo, sai ta ce in yi hattara, ta turo mini takardar shawarar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka da hukumar kare muhalli ta can suka fitar, wadda suka sabunta a 2021. Abin da na fahimta daga ciki shi ne, zaibar da ta shiga ruwa, ƙwayoyin halittar da ke cikin laka suna juya ta ta koma wani nau'i mai manne wa tsoka. Ƙananan kifaye su ci, manya su haɗiye ƙananan, haka take ta taruwa, shi ya sa babban kifi mai cin 'yan'uwansa, wanda ya daɗe a ruwa, ya fi kowa tara ta. Kuma ba wanki, ba tafasa, ba suya, ba banda da ke fitar da ita. Wannan ne ya fi kashe mini jiki, don ni a da duk tsammanina idan abinci ya dahu sosai an gama da illarsa. Abin da take taɓawa kuma ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyi, na ɗan tayi da na yaron da ke tasowa.

Takardar ta kasa kifi gida uku. Akwai waɗanda ta ce a guje musu, irin su shak, da mai baki kamar takobi, da wani babban makarel, da tuna mai manyan idanu. Farin tuna da mai rawayar fiffike suna gidan tsakiya. Ƙaramin tuna da ake rubuta wa skipjack a gwangwani yana cikin mafi kyau, tare da sadin, karfasa da tarwaɗa. Ta ce yaro ya ci sau biyu a mako daga mafi kyawun, ɗan shekara 1 zuwa 3 kimanin giram 28 a ci ɗaya, ɗan shekara 4 zuwa 7 ninkin hakan. Likita, giram 28 fa loma nawa ce? Abin da Hajiya ke ba yarinyar nan a zama ɗaya ya fi haka, kuma ba sau biyu a mako ba.

Ga inda na rasa yadda zan yi. An rubuta takardar ne don wanda ke shiga kanti ya ɗauki kifi da sunansa a jikin leda. Ni kasuwar Asafo nake zuwa. Gunduwar opoku da ta sha hayaƙi ta yi baƙi, ba kai ba jela, ta yaya zan gane ko na ƙaramin tuna ce ko na mai manyan idanu, alhali duka ana kama su a tekun nan? Na tambayi mai sayar mini, ta ce ita dai opoku ta sani. Kifin da ake kira "saman" (salmon) a kasuwa ma an ce mini makarel ne, to shi wane gida yake?

Sai na ce to bari in koma kifin kogi, irin wanda na saba da shi a gida. Nan ma wani tsoron ya taso. Duk wanda ke ƙasar nan ya ga yadda masu haƙar zinariya ta galamse suka mayar da kogin Offin da Pra da Ankobra, ruwa ya koma kalar koko, kuma da zaiba suke kama zinariyar. Offin bai da nisa da mu. Idan na sayi tarwaɗa banda, ba wanda zai gaya mini daga tafkin Volta ta fito, ko daga gidan kiwo, ko daga can. Mu mutanen Arewa ba mu manta da yaran Zamfara na 2010 ba, ɗaruruwa suka rasu. Waccan dalma ce, na sani, amma ita ma daga neman zinariya ta fito, kuma iyayen ba su ankara ba sai da abin ya yi nisa. Na kuma karanta labarin garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da zaiba a teku, har aka riƙa haihuwar yara da nakasa alhali wasu iyayen matan ba su nuna wata alama mai tsanani ba. Na san namu bai kai can ba, amma uwa ba ta karanta irin wannan ta yi barci mai daɗi.

Duk da haka ba na son in cire kifi daga abincinsu. A wurin awo nas-nas kullum cewa suke mu daka ƙananan busassun kifi mu zuba a kunun yara, saboda ƙarin jini da ƙashi. Ita kanta takardar Amurkan ta ce kifi yana gina ƙwaƙwalwar yaro, ba ta ce a daina ba. Idan na hana, da me zan maye gurbinsa? Ƙwai da wake muna yi, amma ba za su rufe ko'ina ba.

Sannan ga Hajiya. Da na ɗan taɓa maganar a hankali, sai ta ce, "Da wannan kifin na raini ubansu, me ya same shi?" Ranar ba ta ƙara ce mini komai ba. Mace ce da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun da na zo ƙasar da ba ni da kowa, kuma da kuɗin goronta take sayo wa jikokinta kifin nan. Ba zan so ta ji kamar ina cewa guba take ba su ba. Maigidan ya ce shi duk abin da likita ta faɗa shi za a bi, kuma Hajiya ba ta wuce shirinki.

Don haka ina roƙo ki yi mana bayani da sunayen kifin da muke gani a kasuwanninmu. Opoku, a daina ba ƙaramar ne gaba ɗaya ko a rage, kuma sau nawa? Tunan gwangwanin da ba a rubuta irinsa ba, ya zan yi da shi? Kifin kogi, akwai wanda ya fi wani aminci, kamar karfasa a kan giwan ruwa? Ni mai shayarwa, abin da na ci yana kai mata ta nono har ya zama abin damuwa? Kuma wanda suka riga suka ci, jiki yana fitar da shi da kansa, ko in nemi a yi musu gwajin jini ko na gashi? Idan da hali, ki ba mu ma'aunin da cokali ko da tafin hannu, don ba mu da sikeli a kicin.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronki,
Mahaifiyar yara biyu, Aboabo, Kumasi