Wasiƙa zuwa ga aminina, a kan tsohuwar taraktar da ya sayo

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ya sanyin Indiyana, ya kuma kewar gida? Saƙonka ya iso tare da hotunan ƙaramar taraktar da ka sayo, na kuma ƙura musu ido sosai, musamman ɗan farantin lambar da ke manne a jikin injin.

Ka yi dace. Wheel Horse C-120 ce ta tsakiyar shekarun 1970, da injin Kohler K301 mai ƙarfin doki 12. 'Yar jiharku ce ma, domin a South Bend Elmer Pond ya fara ƙera irinta a 1946, kafin Toro ya sayi kamfanin Wheel Horse a 1986. Kada ka haɗa ta da injinan yankan ciyawa na hawa da ake sayarwa yanzu a manyan shaguna. Waɗancan gwangwani ne aka lanƙwasa, wannan kuwa gangar injinta da gidan giyarta duk zubin ƙarfe ne, an yi ta ne don ta ja garma. Sai dai a gefen hoto na uku na hango gwangwanayen jan fenti. Don Allah ka mayar da su lungu tukuna. Fenti shi ne aikin ƙarshe, kuma sai bayan ta yi maka noman shekara guda ta nuna maka duk inda take yoyo.

Kada kuma ka ɗaura batir ka murɗa makulli don ka ji ko za ta tashi, sauri ya haifi nawa. Fara cire fulogi, ka zuba baƙin mai kamar cokali guda ta ramin, ka bar shi ya kwana. Da safe ka juya injin da hannu. In ya zagaya sumul, madalla. In ya cije, kada ka sa masa ƙarfi, ƙara mai ka ba shi kwanaki, don sau da yawa ringi ne ya manne ko bawul ya maƙale saboda tsatsa. Daga nan ka kwance murfin ƙarfen da ya lulluɓe injin. Iska ce kaɗai ke sanyaya shi, ba ruwa, ɓeraye kuma ba su da wurin sheƙa da ya fi nan. Injin da ciyawa da tsumma suka toshe masa hanyar iska yana iya ƙona gaskit a yini ɗaya.

Tsiyaye tsohon man a cikin tasa mai tsabta ka duba shi a rana. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur, galibi robar da ke cikin famfon fetur ce ta yage tana zubar da fetur cikin injin. In yana ƙyalƙyalin garin ƙarfe, to a nan ka tsaya, aikin ya zama na buɗe inji. Sabon man SAE 30 za ka zuba, tsakanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu gwargwadon kaskon da ke ƙarƙashinsa, amma sandar awo ce alƙali. Ka riƙe wannan da kyau: K301 ba shi da famfon baƙin mai, ba shi da matatarsa. Wani ɗan cokali ne a gindin kwanrod, sandar da ke haɗe da fistin, yake tsoma kai cikin man yana watsa shi. Shi ya sa ake canza mai duk bayan awa 25 na aiki, shi ya sa kuma mai kaɗan ko doguwar tafiya a karkace kan gangara ke kashe waɗannan injuna. Idan za ka ture dusar ƙanƙara da ita a hunturu, koma 10W-30.

Yanzu wuta, inda mafi yawan mutane ke ɓata kuɗi a banza. Injin nan da kwantak yake aiki, irin na tsofaffin motocin da ka sani a gida, yana ƙarƙashin wani ɗan murfi a gefen ganga. Ajiya tana sa bakinsa ya yi dauɗa, kuma wannan dauɗar ita ce dalilin rashin wuta a mafi yawan taraktocin da aka yasar. Goge bakin da samfefa mai laushi ƙwarai, ka ja farar takarda tsakaninsu har ta fito fes, sannan ka juya injin har kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa, ka saita tsagar da filageji, siraran fallayen ƙarfen nan na awon tsaga, a kan inci 0.020, wato rabin milimita. Wannan tsagar ba ta wuta kaɗai ba ce, ita ce taimin ɗin injin. Akwai ɗan rami a gefen injin da ake leƙa fulawil ta cikinsa, za ka ga alamar S da alamar T. Daidai lokacin da S ta zo tsakiyar ramin ya kamata kwantak ya fara buɗewa. Fulogi kuwa inci 0.035 ake ba bakinsa.

Tarko uku ne a nan. Koyil ɗinta na bolt 12 ne mai rizisto a cikinsa, wajen om 3 zuwa 4 idan ka auna ƙananan kusoshinsa biyu. Koyil ɗin mota marar rizisto zai toye maka kwantak cikin 'yan awoyi. Wayar kwantak da kwandensa a ɓangaren nagatif na koyil suke haɗuwa, ba fozitif ba. Sannan makullin: akwai na injin magneto mai harafin M a bayansa, akwai na injin koyil mai harafin I, a ido kamar tagwaye, amma naka mai I ne. Kada kuma ka bar makulli a kunne injin yana kashe, don in kwantak yana rufe koyil zai yi ta zafi har ya lalace. In ka tarar babu wuta ko'ina gaba ɗaya, duba agogon caji da ke gaban sitiyari, wutar ta cikinsa take bi, in ya ruɓe ta ciki komai ya mutu. Bayan ta tashi, batir ya nuna wajen bolt 14 idan injin na gudu. In bai kai ba, kankare tsatsar da ke tsakanin regileta da jikin ƙarfen da aka ɗaure shi kafin ka sayi sabo.

Batun fetur, matsalar ƙasarku ce. Yawancin man gidajen mai na Amurka yana da etanol kashi 10 cikin 100, shi kuma yana jan danshi yana cin tsohuwar roba. Canza tiyon fetur duka, mai faɗin kwata na inci, ka sa ƙaramar matata a hanya, ka wanke tanki. Kafin ka kwance alluran kafireto guda biyu, murɗa kowace ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ta taɓa, ka rubuta. Taɓawa na ce, ba ɗaurewa ba, tsininta tagulla ne, in ya lotse ya tashi aiki. In ka rasa lissafi, fara da zagaye biyu a babbar, ɗaya da rabi a ta silo, ka ƙarasa saiti bayan injin ya yi zafi. Ka kuma kama sandar totur ka girgiza. In tana lilo, iska na shiga ta nan, injin zai riƙa hawa da sauka kamar janareton da mansa ya kusa ƙarewa, kuma babu saitin allurar da zai gyara shi sai an sa mata sabon bushi. Gwamna kuwa, wato na'urar da ke kayyade gudun injin, kada ka taɓa shi don neman ƙarin gudu. Iyakar injin zagaye 3600 ne a minti, wuce nan kwanrod ne zai leƙo ta gefen ganga.

Wani zai ba ka shawarar gwada kamfureshan. Ma'aunin zai nuna maka ƙasa ƙwarai, ka ɗauka injin ya mutu, alhali Kohler sun sa wata dabara da ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin tayarwa don sitata ya samu sauƙi. Saboda haka wannan awon ba ya gaya maka gaskiya. Abin da ya fi shi amfani shi ne saita bawul, injin yana sanyi, fistin yana can sama: na shigar mai inci 0.008 zuwa 0.010, na hayaƙi 0.017 zuwa 0.019. In ka ga baƙin maiƙo a gefen kan silinda, gaskit ya hura. Cire kan, ka kankare gawayin, ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi ka goga shi har fuskarsa ta daidaita, ka sa sabon gaskit, ka ɗaure kusoshin a gicciye zuwa fam-ƙafa 25 zuwa 30 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Bayan ya yi zafi ya huce, sake bi ta kansu. Masu tsallake wannan su ne ke sayen gaskit sau biyu.

Gidan giya shi ne abin da ya fi damuna a hotunanka, domin robar da ke gindin sandar giya ta tsage. Ta nan ruwan sama ke gangarawa ciki, shekara da shekaru, ya kwanta a ƙasa yana cin boris. Kwance kusar tsiyaya da ke ƙasa, ka ɗaga gaban taraktar sama sosai, saboda akwai tudu a cikin gidan da ke tare man ɓangaren gaba. In abin da ya fito ya yi kama da kunu, zuba kananzir ko dizal wajen lita biyu, ka ɗora bayanta kan jak masu ƙafa, tayoyi a sama, ka bar ta ta juya minti kaɗan a kowace giya, ka tsiyaye. Maimaita har ya fito da haske, sannan ka zuba man giya 80W-90 kusan lita biyu, ka sa sabuwar roba. Kuɗin robar bai kai na abincin rana ba, amma rashinta ya kashe giyoyi da yawa.

Giya takwas ɗin da aka rubuta a jikinta, uku ne na gaba da ɗaya na baya, kowace da babban gudu da ƙarami. Ba a canza su tana tafiya, sai ta tsaya cak, musamman ƙaramar sandar nan ta babba da ƙarami, wadda cokalinta na ciki ba ya jure dole. Ga wani abu da ke rikita sababbin shiga: kulocinta sassauta bel kawai yake yi, murfin bel ɗin ne ke tallafe shi ya daina juyawa. In ka cire murfin don ka ga yadda abin ke aiki, giya za ta yi ta ƙara ta ƙi shiga, ka ɗauka ta lalace. Mayar da murfin kawai. Bel kuma ka sayi mai rufin yadi na injinan lambu, na mota yana kamawa da yawa, za ta riƙa zabura.

Ɗaga tayoyin baya ka girgiza su. Cibiyar da tayar ke ɗaure a kai ɗan maɓallin ƙarfe ne da ƙananan kusoshi ke riƙe ta a kan aksil, in suka saki, sai ramin maɓallin ya cinye, gyaran kuma ba arha. Leƙa farantin da ya haɗa firam da gidan giya, yakan tsage a gefen kusoshi huɗun nan, a yi masa walda tun tsagar tana ƙarama. Tayoyin da suka yi zanen tsufa amma ba su fashe ba, tib ya ishe su.

Ka ce burinka kuɓewa da yakuwa a bayan gida. Garma mai inci 10 irin ta Brinly ita ce daidai da ita, zurfin huɗa kuma kamar rabin faɗin garmar. Wajen saiti, ɗora tayoyin hagu kan katako mai kaurin inci biyar, ka sauke garmar ka daidaita ta ta kwanta shafe da ƙasa, domin haka taraktar za ta karkata idan tayoyin dama suka shiga kwari. Ba ƙarfin inji za ka rasa ba, nauyi za ka rasa, don haka nemi ƙarafan nauyi na tayoyin baya, ka yi aiki da ƙaramin gudu. In za ka cika taya da ruwa, guji mai gishirin kalsiyam, yana cinye rim. Ƙasar can tana daɗewa da laima bayan ƙanƙara ta narke. Dunƙula ta a hannu, in ta zama curi ba ta wargaje ba, jira. Kafin garma ta taɓa ƙasa kuma ka kira 811 su zo su yi maka alamar inda bututun gas da wayoyi suke, kyauta ne.

Kada ka ɗauka tana da kariyar injinan zamani da ke mutuwa da zarar an tashi daga kujera. Ko wadda take da ita, mai yiwuwa wani ya cire tun tuni. Kada yara su hau, kada ka ɗaura igiyar ja sama da aksil, nan take gabanta zai tashi ta kifo kanka. Ranar da za ka kankare tsohon fenti ko ka taɓa birki, sa takunkumi mai kyau ka jiƙa wurin, kayan wancan zamani ana samun dalma da asbestos a cikinsu. In hunturu ya zo ba za ka yi aiki da ita ba, rufe fetur ka bar injin ya shanye na cikin kafireto har ya mutu, ka shigar da batir ɗaki.

Kafin ka sayi komai, turo mini hoton man da ya fito daga gidan giya, da cikakkiyar lambar da ke jikin taraktar da ta injin, don da su ake neman kayan gyara, ba da sunan C-120 kawai ba. Ka gaishe mini da uwargida da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka, suna kuma tambayar yaushe za a gan ka.

Wassalam,
naka amininka.