Ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni fili in amayar da abin da ke cina. Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Sudan tsakanin soja da rundunar ɗaukin gaggawa ta RSF ranar 15 ga Afrilu 2023, sai na ga zukatan samarinmu sun bushe, a tura bidiyon gawa a WhatsApp wani ya rubuto wai Allah ya ƙara, don kawai mamacin ɗan wata ƙabila ce. Mu Hausawa ai mun ɗanɗana wannan a garuruwan Damazin da Rusairis na jihar Blue Nile a 2022, an ƙona gidaje an kashe mutane saboda sunan ƙabila kurum, to yaya za mu so wa wani irinsa?

Ban ce kar mutum ya kare gidansa ba, wanda aka shigo masa da bindiga yana da haƙƙi wallahi. Amma a kama manomi ko mai shayi a ce ɗan'uwansa ne ya yi laifi, wannan zalunci ne. Ko Sayyidina Abubakar da zai tura runduna sai da ya hana taɓa mata da yara da tsofaffi, har itace mai 'ya'ya.

Limamanmu dan Allah ku faɗi wannan ran Juma'a, yaran suna jin maganarku.

Naku,
Mai karatu daga Maiwurno, Sudan