Wasiƙa kan gadar rafinmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Mu nan sai godiya, an fara yankan gero.

Maganar gadar rafinmu ce ta sa na ɗauki biro. Ka san allunan nan biyu da ke jikinta. Na farin dutse yana nan daram, mai ɗauke da sunan DFRRI, hukumar raya karkara da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986, wadda ta zuba mana burji ta ɗora gadar. Na biyun kuwa, na ƙarfe, wanda aka kafa lokacin gyaran da PTF, hukumar asusun rarar kuɗin man fetur, ta yi a zamanin Abacha, sa'ad da Janar Buhari ke riƙe da hukumar, 'yan jari-bola sun ɓalle shi cikin dare. Ramukan ƙusa kawai suka bari. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Yaran yanzu ba su san wahalar fito ba, ba su ga yadda mai naƙuda ke kwana a bakin ruwa tana jiran rafi ya janye ba. Allunan nan ne kaɗai ke sa su tambaya.

Amma akwai abin da ya fi damuna. A ambaliyar 2012, da ruwa ya cinye ƙasar da ke riƙe da kan gadar ta gabas, su wa suka tsaya? Mai unguwa ya yi shela, gari ya fito gayya. Masu amalanke suka yi ta jigilar dutse, samari na cika buhuna da yashi, birkiloli suka ƙi karɓar ko sisi, mata na aiko da fura da ɗanwake. Da ba su toshe wurin ba, da damina mai zuwa ta tafi da gadar gaba ɗaya, mu koma biyan kuɗin kwalekwale ranar kasuwa. Sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu babu a jikin siminti, kuma da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, ciki har da Baffanka, Allah ya gafarta masa.

Shi ya sa ƙungiyar ci gaban gari ta yanke shawarar a yi allo na uku. Na ce a sassaƙa shi a dutse, a binne shi cikin siminti yadda ba zai ɓallu ba, kuma a rubuta da Hausa, boko da ajami, don dattawa su karanta da kansu. Dagaci ya amince.

Kai ka riƙe littafin gayyar a lokacin. Don Allah ka duba ko yana cikin kayanka, ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini kafin taron ƙarshen wata. Gudunmawar siminti kuma, abin da ya sawwaƙa.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka leƙo gida?

Wassalam,
Amininka